Yoga Ko Wani Motsa Jikin? Amsa Ga Mai Fama Da Ƙwanƙwaso Bayan Haihuwa

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a cikin birnin Katsina, shekaruna 36, 'ya'yana huɗu, kuma na ƙarshen tiyata aka yi mini aka ciro shi wata takwas da suka wuce. Tun daga lokacin ƙwanƙwasona bai bar ni na huta ba, musamman ranar da na wuni tsaye a aji, na dawo na hau keken ɗinki da dare. Cikina bai koma ba, har mutane na tambayata ko wani ne ya sake shiga. Abin da na kasa faɗa wa kowa shi ne, idan na yi atishawa ko tari mai ƙarfi fitsari yakan ɗan zubo, sai na sake tsarki da alwala. Ƙawata ta wurin aiki ta turo mini bidiyon yoga, ta ce shi ya raba ta da ciwon baya. Yayar maigidana da ta gani ta ce bautar Indiyawa ce, kada in kuskura. Wata kuma ta ce Pilates ya fi. Maigida ya ce aikin gida da tafiya a ƙasa sun ishe ni. Ba ni da halin zuwa gidan motsa jiki, ɗakina da tsakar gida kawai nake da su. Wanne zan kama?

Ƙanwarki, daga Ƙofar Marusa

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaran, ya ƙara miki lafiya. Na ji daɗi da kika faɗi maganar fitsarin, domin ita ce ta sauya amsar da zan ba ki. Da ciwon ƙwanƙwaso kaɗai kika kawo, da na ce ki kama duk wanda ya fi kwanta miki a rai cikin waɗannan hanyoyi, tun da bambancin da ke tsakaninsu a kan ciwon baya ba shi da yawa. Amma mace mai wata takwas da tiyata, wadda cikinta ya ƙi komawa, fitsari kuma yana kufce mata, ba ta cikin waɗanda aka shirya wa yawancin bidiyon da ke yawo a waya. Shawarata ita ce kada ki fara da yoga, kada kuma ki fara da Pilates irin na bidiyo. Ki fara da ganin masu gashi, wato ma'aikatan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a asibiti, sannan ki kama ƙananan atisayen tsokokin ciki da na mara da ake yi a kwance, ki haɗa su da tafiya. Zan faɗa miki dalili, domin ki iya auna kowace shawarar da za a sake kawo miki gobe.

Tsokokin da ke riƙe da tsakiyar jiki ba guda ɗaya ba ne, kuma waɗanda suka fi aiki ba a ganinsu a madubi. Daga sama akwai shimfiɗaɗɗiyar tsokar numfashi wadda ta raba ƙirji da ciki. Daga ƙasa akwai tsokokin ƙasan ƙugu, su ne suke tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, su ne kuma suke matse hanyar fitsari lokacin da kika yi tari. Daga baya akwai gajerun tsokoki da suke bin ƙashin baya gaɓa-gaɓa. A can ƙarƙashin sauran tsokokin ciki kuma akwai wata mai faɗi da ta taso daga baya ta zagayo gaba, kamar yadda zani yake zagaye ƙugu idan an ɗaura shi da kyau. Waɗannan huɗu tare suke aiki. Duk lokacin da kika ɗaga yaro, ko kika yi atishawa, ko kika miƙe daga zaune, matsi yana ƙaruwa a cikin ciki, su ne kuma suke raba matsin yadda ba zai faɗa kan wuri ɗaya ba. Ciki huɗu sun miƙar da bangon cikinki sau huɗu, nauyin kowane jariri ya zauna watanni a kan tsokokin ƙasa, tiyata kuma ta ratsa bangon ta ƙasan mara. Shi ya sa nake kallon ƙorafe-ƙorafenki uku a matsayin 'yan gida ɗaya.

Akwai gwajin da za ki iya yi yau da dare. Ki kwanta rigingine a ƙasa, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa yana taɓa ƙasa. Ki ɗora yatsun hannu a tsakiyar ciki, ɗan sama da cibiya, sannan ki ɗaga kai da kafaɗu kaɗan kamar mai son leƙen ƙafafunta. Za ki ji gefen dogayen tsokoki biyu sun taso, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Idan yatsu biyu ko fiye suka shige tsakaninsu a jere, ko yatsun suka nutse cikin laushi, ko kika ga tsakiyar cikin ya yi tozo ya kumburo, to da alama tsokokin sun rabu. Abu ne da ya zama ruwan dare ga masu ciki, kuma ga mata da yawa yakan ragu da kansa a makonnin farko bayan haihuwa, amma ga wasu yakan zauna. Idan kuma kika ji ƙullutu a cibiya ko a jikin ɗinkin wanda yake fitowa in kin yi tari, wannan na iya zama ƙaba, kuma likitan tiyata ne ya kamata ya gan shi kafin ki yi kowane atisaye.

Akwai alamomin da ba a yi musu motsa jiki, asibiti ake nufa da su a ranar. Su ne dindiris a tsakanin cinyoyi ko wajen zama, kasa yin fitsari, kasa riƙe bayan gida, da ƙafa mai mutuwa ko ja. Haka nan ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko wanda ba ya lafawa ko an kwanta, domin a ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, ciwon ƙoda ma yakan ɓoye a bayan abin da ake zaton gajiya ce. Game da fitsarin, yadda kika kwatanta shi, wato yana zuwa ne da tari ko atishawa, alama ce ta raunin tsokokin ƙasa. Wanda yake zuba dare da rana ba tare da wani dalili ba yoyon fitsari ne, atisaye ba ya rufe shi, kuma ga cibiyarsa ta ƙasa nan kusa da ke a Babbar Ruga. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko ki koma inda kika haihu, ki nemi a tura ki sashen gashi. Ki roƙi mace ta duba ki idan hakan zai sa ki saki jiki, ki kuma faɗa mata maganar fitsarin da bakinki kamar yadda kika faɗa mini. Ziyara ɗaya ko biyu ta isa a auna rabuwar, a tabbatar kina matse tsokar da ta dace. Mata da yawa suna yunƙuri ƙasa alhali suna zaton sama suke ja, kuma babu bidiyon da zai gano wannan.

Yanzu ga yoga. Daga Indiya ta fito, tsohuwa ce ƙwarai, kuma a asalinta tafarki ne na tarbiyyar rai a cikin addinan can, inda tsayuwa da zaman jiki suke mataki ɗaya daga cikin matakai takwas. Irin wadda ake gani yau a bidiyo, mai jerin miƙa da lanƙwasa, ta ɗauki siffarta ne a ƙarni na 20, musamman daga makarantar wani malami mai suna Krishnamacharya a garin Mysore a shekarun 1930, daga nan ɗalibansa suka kai ta Turai da Amurka. A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba. Yoga tana sassauta jikin da ya sandare, tana koya numfashi a hankali, tana kwantar da hankali, kuma ciwon baya yana da alaƙa ta ƙut-da-ƙut da damuwa da ƙarancin barci. A 2022 masana na ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 21 da aka yi a kan masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka ga yoga ta ɗan fi zama haka nan, amma idan aka gwada ta da sauran atisayen baya, bambancin kaɗan ne ko ma babu. Wannan ya isa ya cire miki tunanin cewa akwai wani sirri a cikinta wanda idan kika bar ta kin yi asara.

Abin da ya sa ban zaɓa miki ita a yanzu ba shi ne, buƙatarki ƙarfi ce da riƙo, yoga kuwa, musamman ta bidiyo, ta fi karkata ga miƙewa. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi suna yin laushi lokacin ciki, sukan kuma ɗauki watanni kafin su koma, saboda haka mai jego takan iya lanƙwasa fiye da abin da tsokarta za ta iya riƙewa. Banƙarewa baya sosai tana ƙara buɗe tsakiyar cikin da ake so ya haɗu. Zama a kan mazaunai tare da ɗaga ƙafafu biyu sama, da dogon tokare jiki a kan hannuwa da yatsun ƙafa, duk suna tura matsi gaba da ƙasa, daidai wuraren da suke da rauni a jikinki. Tsayuwa a kan kai ko kafaɗa kuwa ba ta dace da mai hawan jini ko mai hawan jinin ido ba, kuma ba na ganin dalilin da zai sa uwar 'ya'ya huɗu ta gwada ta ita kaɗai a ɗaki. Akwai ma wadda ake yi a ɗakin da aka ɗumama zuwa wajen digiri 40, wanda mu nan a watan Afrilu kyauta muke samunsa, kuma hatsarinsa muka sani.

Maganar yayar maigidanki ba abin yi wa dariya ba ce, kada kuma ki bari ta zama rigima a tsakaninku. Akwai yogar da ake buɗewa da rera wasu kalmomi masu tsarki a addinin Hindu, akwai kuma sanannen jerin motsi da ake kira gaisuwar rana. Malaman wasu ƙasashe sun zauna a kan batun. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yoga a 2008 saboda abin da ta gani na ibadar wani addini a ciki. Majalisar malaman Indunusiya kuma a 2009 ta rarrabe: ta hana wadda ta ƙunshi rerawa da ayyukan bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Hukunci na malamai ne, ki kai wa wanda kika amince da iliminsa, ki nuna masa ainihin abin da ke cikin bidiyon, kada ki tsaya ga sunan kawai. Nawa shi ne in gaya miki cewa lafiyarki ba ta rataya a kan wannan hukunci ba. Kin san hadisin da ya ce a bar abin da ake kokwanto a koma ga wanda babu kokwanto a cikinsa, kuma a nan barin bai ci miki komai ba, domin motsin da zai amfane ki, kamar ɗaga ƙugu daga kwance ko lanƙwasa baya a rarrafe, yana nan a hannun masu gashi ba tare da suna ko rerawa ba. Atisayen da mutum yake yi zuciyarsa na ɗar-ɗar ba ya ɗorewa. Sai dai ina roƙon kada a jefi ƙawarki da kalma mai nauyi don ta miƙa bayanta a tabarma.

Pilates ya fi kusa da abin da kike nema. Sunan wanda ya ƙirƙiro shi ne, Joseph Pilates, Bajamushe da aka haifa a 1883, wanda Turawan Ingila suka tsare tare da sauran Jamusawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya riƙa horar da 'yan'uwansa tsararru, daga baya ya buɗe wurin koyarwa a birnin New York a shekarun 1920. Babu addini a tarihinsa, kuma gaba ɗayansa an gina shi ne a kan riƙe tsakiyar jiki yayin da hannu da ƙafa suke motsi. Akwai wanda ake yi da na'ura mai gado da igiyoyi, wannan ba ya gabanki, akwai kuma na tabarma. Amma shi ma na asalin yana cike da ɗaga kai da kafaɗu, da ɗaga ƙafafu biyu a lokaci guda, da naɗe jiki daga kwance zuwa zaune, waɗanda su ne mafi nauyi ga cikin da ya rabu. Abin da masu gashi suke koyarwa sassauƙan sashensa ne da aka tace, haɗe da atisayen matse mara wanda likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948, da wasu motsi da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo ta Kanada ya shahara da su, waɗanda suke ƙarfafa tsakiya ba tare da an yi ta lanƙwasa ƙashin baya ba. Wannan haɗin shi ne zaɓina gare ki.

Ga yadda farkonsa yake, domin ki san abin da za ki tarar. Ki shimfiɗa bargo a kan tabarma, kada ki yi a katifa. Ki kwanta rigingine gwiwoyi a tanƙware, ki ɗora tafin hannu a gefen haƙarƙari. Ki shaƙi iska ta hanci har ki ji haƙarƙarin ya buɗe hannuwanki, cikin da mara su saki gaba ɗaya. Sannan ki fesar da iskar ta baki a hankali, kina fesarwa kina matse ƙasa kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, kina ja sama, ki kuma bar ƙasan cibiya ya ɗan shige ciki. Matsewar ba ta ƙarfi ba ce. Idan mazaunai suka ɗaure, ko cinyoyi suka haɗe, ko kika riƙe numfashi, kin wuce gona da iri. Ki riƙe daƙiƙa uku, ki saki sosai, sakin ma rabin aikin ne. A hankali ki kai riƙon zuwa daƙiƙa goma, ki ƙara da 'yan gajerun matsewa masu sauri. Ƙa'idar da hukumar tsara magani ta Birtaniya ta shimfiɗa ga irin ɗigon fitsarinki ita ce aƙalla matsewa takwas, sau uku a rana, na tsawon wata uku ko fiye, kafin a yi maganar wani magani. Idan kin ƙware a kwance ki yi a zaune, sannan a tsaye, har ki iya yi a gaban allo babu wanda ya sani. Ki kuma saba matsewa kafin atishawa ta fito. Kada ki mai da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama atisaye, yana hana mafitsara juyewa sarai.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai ki ɗora motsi a kan wannan numfashi. Na farko, kina kwance ki zame diddigen ƙafa ɗaya a ƙasa har ƙafar ta miƙe, ki dawo da ita, ƙugu bai karkata ba. Na biyu, ki danna tafin ƙafafu ki ɗaga ƙugu sama har cinya da ciki su yi layi ɗaya, ki sauko a hankali. Wannan yana tada tsokokin mazaunai, waɗanda zaman keke yake kashewa, kuma idan suka yi barci ƙwanƙwaso ne yake ɗaukar aikinsu. Na uku a rarrafe ake yi, tafin hannu ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa ƙarƙashin ƙugu: ki miƙa ƙafa ɗaya baya, in kin iya ki haɗa da hannun ɗaya ɓangaren, baya a shimfiɗe ba ya lotsawa. Na huɗu, ki kwanta a gefe ki tokare da gwiwar hannu, gwiwoyin ƙafa a tanƙware, ki ɗaga ƙugu na daƙiƙa goma. Takwas ko goma na kowanne, kwana uku ko huɗu a mako, minti goma sha biyar sun isa. Mai lura da ke shi ne cikinki: muddin kika ga tsakiyarsa ya yi tozo, ko fitsari ya zubo, ko kika ji nauyi a gaba kamar wani abu zai sauko, motsin ya fi ƙarfinki a yau, ki koma wanda ya gabace shi. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Ciwo mai harbi zuwa ƙafa kuwa dalilin tsayawa ne.

Maigida yana da gaskiya a rabin maganarsa, kuma rabin mai kyau ne. Tafiya a ƙasa magani ce ta gaske ga baya. A wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2024, an bi mutum 701 da suka tashi daga ciwon baya, sai aka ga waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya tare da wayar da kai sun kai kusan kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, sannan ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye, ta lissafa su daban domin ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Tafiya ba ta koya wa tsokar mara matsewa. Saboda haka ki yi duka biyun. Ki sauka daga Keke Napep kafin ki kai makaranta ki ƙarasa da ƙafa, ko ki zagaya tsakar gida bayan la'asar, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Tun da shi ya kawo shawarar, ki nemi ya raka ki, ko ya riƙe miki yaron na minti ashirin.

Inda ban yarda da shi ba shi ne aikin gida. Aikin gida yana gajiyarwa, amma yawancinsa a sunkuye ake yinsa, a wuri ɗaya, na dogon lokaci. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe a kan baho, da ɗaga jarkar ruwa mai lita 25, wadda nauyinta kilo 25 ne, ba su ne za su gyara bayan da ciki ya raunana ba. Gyara yadda kike yinsu yana iya kawo miki sauƙi tun kafin atisayen ya fara nuna kansa. Ki sa wa tsintsiya doguwar sanda. Ki ɗora bahon wanki a kan benci, ko ki zauna a kujera 'yar tsugune ki jawo shi kusa. Jarka kuwa a raba ta biyu ko a bar wa wani, in kuma ya zama dole, ki tanƙwara gwiwa, ki jawo ta jikinki, ki fesar da numfashi ki matse mara sannan ki ɗaga. Haka za ki yi wajen ɗaukar yaro daga ƙasa. Goyo a baya ya fi saɓa yaro a kwibi ɗaya wuni guda. Idan za ki tashi daga gado ki fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura da hannu. A kan keken ɗinki ki sa ƙaramin matashi a bayan ƙugu, ki miƙe ki taka duk bayan rabin awa, a aji kuma ki riƙa sauya tsayuwa da zama da zagaya layukan yara.

Sauran hanyoyin ba sai mun daɗe a kansu ba. Ninƙaya tana ɗauke nauyi daga gaɓoɓi, amma wurin da mace za ta yi ta cikin sutura da natsuwa ba shi da sauƙin samu. Taici, wani motsa jiki na sannu-sannu na Sinawa, ya fi amfani ga dattawa masu tsoron faɗuwa. Tsalle da igiya da gudu ki ajiye su har fitsarin ya tsaya. Abin da nake so ki yi hattara da shi shi ne bel ɗin matse ciki da shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Ɗaurin ciki na kwanakin farko bayan tiyata yana iya sa mace ta ji daɗin motsi, amma a wata na takwas bel mai tsauri ba ya gina tsoka, matsin da ya hana fita gaba kuma ƙasa yake komawa, kan mafitsara. Yawancin irin wannan shayi kuwa gudawa da fitsari yake sawa, ga ki kina shayarwa.

Game da tumbin, gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu. Atisayen ciki ba ya narkar da kitsen ciki shi kaɗai, jiki yana rage kitse ne gaba ɗaya, ta hanyar abinci da motsi. Abin da atisayen zai yi shi ne ya dawo da riƙon bangon, cikin ya daina zubowa gaba, tsayuwarki ta miƙe. Ga wasu matan ramin ba ya rufewa ƙurmus, amma yana yin tauri ya riƙe aiki, kuma wannan shi ne abin nema. Masu tambayar ko wani cikin ne ya shiga ba su ɗauki ciki huɗu da jikinki ba, kada maganarsu ta tura ki ga yunwa alhali yaro yana shan nono.

Ki zaɓi lokaci guda ki tsaya a kansa. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi ya fi dacewa da mai aikin safe, ga sanyi, ga ciki babu nauyi. Da hunturu ki fara da ɗan zagaye a ɗaki jiki ya ɗumama, da azumi kuma ki mai da shi bayan isha'i. Kada ki yanke hukunci a mako biyu. Ki ba shi wata uku cur, kina lura da abubuwa uku: sau nawa fitsari ya zubo a mako, ƙarfe nawa ƙwanƙwaso yake fara ciwo, da yadda yatsunki suke ji a tsakiyar ciki. Idan an samu ci gaba, mai gashi za ta ƙara miki nauyi, a lokacin ne Pilates na tabarma zai karɓe ki, miƙe-miƙen yoga marasa rerawa ma za su yiwu idan malaminki ya sahale kuma zuciyarki ta natsu. Idan wata ukun suka cika fitsarin bai ragu ba, ki koma wurin likitan mata, domin akwai zoben tallafi da ake sawa, akwai kuma ƙaramin aiki da ake yi. Ki rubuto mini in ji yadda ake ciki. Allah ya sawwaƙe, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.